Wane Sha'aban Ake Nufi? Nasiha Ga Masu Koya Wa Na'ura Faɗin Lokaci

 Ya ku 'ya'yana masu neman ilmin injiniya, musamman waɗanda a cikinku suka fara zama gaban kwamfuta suna haɗa akwatuna da wayoyi a cikin manhajar nan da ake kira LabVIEW, ina so in yi muku magana a kan wani al'amari wanda galibin ɗalibai suke ɗauka kamar ado ne da ake yi wa aiki bayan an ƙare shi, alhali kuwa a shekarun da na yi ina koyarwa a ɗakin gwaji na sha ganin ya ɓata aikin da aka yi makonni ana shan wahala a kansa, watau yadda ake sa na'ura ta nuna lokaci da alƙaluma.

Malaman tarihi sun ruwaito cewa a zamanin halifancin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, an kawo masa wata takarda wadda aka rubuta a cikinta cewa wa'adin biyan abin da ta ƙunsa watan Sha'aban ne, sai ya tambaya wane Sha'aban ake nufi, na bara, ko na bana, ko kuwa na baɗi. Tawada ba ta goge ba, marubucin kuma bai yi ƙarya ba, amma takardar ta kasa yanke hukunci tsakanin mutum biyu, domin an ambaci wata ba a ambaci inda aka fara ƙirga ba. Daga irin wannan shubuha ne sahabbai suka zauna suka yi shawara, wajen shekara ta 17, suka ɗauki Hijira ta zama mafarin lissafin shekarun Musulmi. To, ku sani duk lambar da za ta faɗi lokaci, ko a takarda ko a cikin kwamfuta, tana bukatar a san abu uku game da ita kafin ta zama hujja: daga ina aka fara ƙirga, da wane ma'auni ake ƙirgawa, kuma da agogon wane gari ake karantawa.

Ita LabVIEW wani kamfani ne na birnin Austin a jihar Texas ta Amurka ya yi ta, mai suna National Instruments, wanda aka kafa a 1976, ya fito da ita a 1986 don kwamfutar Macintosh, kuma Jeff Kodosky, ɗaya daga cikin mutum ukun da suka kafa kamfanin, shi ake yi wa laƙabi da ubanta. Abin da ya bambanta ta da sauran harsunan kwamfuta shi ne ba a rubuta mata umarni layi bayan layi, zana shi ake yi. Kowane shiri yana da fuska biyu. Akwai allon gaba, inda maɓallai da tagogi da zanen awo suke, wanda mai aiki da na'ura yake kallo, akwai kuma allon baya, inda aka jera akwatunan lissafi aka haɗa su da wayoyi, lambobi suna bin wayoyin kamar yadda ruwa ke bin kwalbati. Wannan rabuwa ta zahiri da baɗini ita ce tushen duk abin da zan faɗa muku, gama abin da ke tafiya a cikin waya lamba ce tsagwaronta, ba ta da sa'a ba ta da wata, abin da ido yake gani a taga kuwa riga ce da aka sa wa lambar.

Ku gwada da kanku. Ku ɗora tagar lamba a allon gaba, ku rubuta 3661 a cikinta, sa'an nan ku danna maɓallin dama na linzami ku shiga wurin da ake zaɓen surar nuni. Lambar nan guda za ta iya fitowa da alƙaluman da muka saba, za ta iya fitowa da salon masana kimiyya, kuma in kun zaɓi surar tsawon lokaci za ta koma 1:01:01, watau sa'a ɗaya da minti ɗaya da daƙiƙa ɗaya, domin sa'a daƙiƙa 3600 ce, minti kuma 60. In kuwa kun zaɓi ɗaya surar, ta kwanan wata da ƙarfe, sai ku ga taga ta nuna muku ranar 1 ga Janairu 1904, da ƙarfe biyu da minti ɗaya na dare idan kwamfutarku a kan agogon Nijeriya da Nijar take. Duk wannan sauye-sauye da kuka yi bai taɓa ko ɗigo na abin da ke cikin waya ba, 3661 ɗin nan tana nan yadda take.

Wannan shekara ta 1904 ita ce abin da ya fi tsorata sabon ɗalibi. Sau da yawa yaro yakan zo mini a guje ya ce kwamfuta ta lalace, ga zanen awonsa yana nuna wata shekara da ko kakansa ba a haifa ba, shekara guda kacal bayan Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato. Kwamfutar lafiyarta lau. LabVIEW tana ƙirga daƙiƙoƙi ne daga tsakar daren da ya shiga ranar 1 ga Janairu 1904, a bisa agogon duniya, wanda masu sauraron rediyo suka fi sani da agogon GMT. Ta gaji wannan mafari ne daga Macintosh, su kuwa masu Macintosh sun same shi da sauƙin lissafi saboda shekarar 1900, ko da yake tana rabuwa da huɗu, ba ta cikin shekarun da Fabrairu ke yin kwana 29, ta 1904 ce ta farko a ƙarnin da ta yi haka, daga ita kuma sai a bi huɗu-huɗu babu tangarɗa har ƙarnin ya ƙare. Saboda haka duk sa'ad da kuka ga 1904 a ƙasan zane, ma'anarsa ba ku gaya wa zanen lokacin da awo ya fara ba, shi kuwa ya ɗauki sifiri ya fassara muku ita da abin da sifiri take nufi a wurinsa. Wanda yake zaune a Austin ma 1903 zai gani, ƙarfe shida na yammacin 31 ga Disamba, domin agogonsu yana bayan na duniya da sa'a shida. Lambar da ta dace da farkon shekarar 2024 kuwa ita ce 3,786,912,000, adadin daƙiƙoƙin shekara 120.

Yanzu na zo kan abin da na fi son ku riƙe. Kalmar lokaci a bakinmu tana ɗauke da ma'ana biyu, kuma masu fiƙihu sun daɗe da raba su. Akwai waƙati, wanda yake wuri ne tsayayye a cikin zamani, kamar shigar Azahar ko faɗuwar rana, wanda ake tambayarsa da "yaushe". Akwai kuma mudda, watau tsawon abin da ya shuɗe tsakanin farko da ƙarshe, kamar kwanakin idda ko kwana ukun da matafiyi yake shafa a kan huffi, wadda ake tambayarta da "har tsawon nawa". Waƙati yana da gari, gama Azahar ta Makka ba ita ce ta Katsina ba, amma mudda ba ta da gari, sa'a biyu sa'a biyu ce ko a Zinder ko a birnin Sin. Surorin nan biyu da LabVIEW ta ba ku, ɗaya ta waƙati ce ɗaya ta mudda, kuma a ido suna kama da juna ƙwarai, kowacce lambobi ne uku da ɗigo bibbiyu a tsakaninsu. Amma kama da wane ba wane ba ne.

Wata shekara ina da wani ɗalibi mai ƙwazo da natsuwa, wanda yake auna tsawon lokacin da batirin sola yake ɗauka kafin ya sauke cajinsa. Ya yi lissafinsa daidai, ya ɗebe lokacin farawa daga lokacin gamawa, ya sami daƙiƙa 7200, amma da ya zo nunawa sai ya zaɓi surar waƙati ya ɓoye kwanan watan, ya bar ƙarfe kaɗai. Taga ta nuna masa 03:00:00, alhali agogon hannunsa ya shaida masa sa'a biyu aka yi. Da ya ga kullum ƙarin sa'a ɗaya ce cif, sai ya koma allon baya ya sa akwatin ɗebewa, ya cire 3600 daga lambar, taga ta nuna 02:00:00, hankalinsa ya kwanta. Na duba aikin a gurguje na sa hannu, kuma wannan gafala tawa ce, ba zan ɗora wa yaron ita ba. Bayan 'yan makonni muka aika da shirin ga wani abokin aiki a Kumasi don ya maimaita gwajin da irin baturan da ake sayarwa a can, sai sakamakonsa ya dawo yana nuna cewa kowane batir nasu ya gaza namu da sa'a guda. Muka yi kwanaki muna tuhumar zafi da danshi da ingancin kaya, har muka fara rubuta bayani a kan haka, kafin Allah Ya sa na buɗe allon baya na ga akwatin nan. Ghana a kan agogon duniya take daidai, babu ƙarin sa'a, don haka abin da yaron ya cire don ya gyara taga a nan ya zama ragi na gaske a can. Kuma ko a nan gida, duk lissafin da ya biyo bayan akwatin, har da ƙarfin da aka ce batirin ya bayar, an yi shi ne da lambar da aka riga aka yi wa gibi.

Abin da ya fi damuna a wannan labari shi ne yadda gyaran ya yi kama da daidai. Da taga ta nuna wani abu na shirme da an gane tun ranar farko. Ku kiyayi hannunku daga taɓa lamba don ku gyara riga. Idan abin da taga ta nuna ya saɓa wa abin da kuka sani, ku fara mayar da ita surar alƙaluma zalla ku ga ainihin abin da ke cikin waya, in lambar daidai ce to laifin na sura ne, a sura kuma za a gyara shi. Da gwajin yaron nan ya kai sa'a 25, watau daƙiƙa 90,000, da ɓarnar ta fi haka, domin surar waƙati za ta ɗauka an shiga ranar 2 ga Janairu, ta nuna 02:00:00, yini guda cur ya ɓuya a cikin kwanan watan da aka rufe, alhali surar mudda za ta nuna 25:00:00 ba tare da wata wahala ba.

Wanda ya ci gaba kaɗan zai so ya rubuta surar da hannunsa, kuma ina ƙarfafa muku gwiwa ku koyi haka, gama shi ne yake fitar da mutum daga taƙalidi zuwa fahimta. Ana rubuta alamomin a tsakanin baka biyu, kamar %<%H:%M:%S>t, inda %H take tsaya wa sa'a, %M minti, %S daƙiƙa. Ƙaramin harafin t na ƙarshe shi ne yake cewa mudda ake nufi, in aka mai da shi babban T ya koma waƙati. Dubi yadda girman harafi guda ya raba ma'anoni biyun da muka yi ta bayani a kansu. Haka nan babban %M minti ne, ƙaramin %m kuwa wata ne, kuma na taɓa ganin agogon da ɗalibi ya zana wanda mintinsa ya tsaya a kan 03 tun safe har yamma saboda a watan Maris ake. Idan kuna son kason daƙiƙa ya fito sai ku ƙara %3u bayan %S, ya ba ku gida uku. Idan kuma kuna son waƙati ya fito da agogon duniya ko a wace ƙasa aka buɗe shirin, sai ku sa alamar ^ bayan % ta farko. Wanda ya taɓa zama gaban alaramma ya ga yadda ake tsayar da yaro a kan wasali guda har sai ya daidaita shi ba zai ga wannan taka-tsantsan baƙon abu ba.

Bayan sura sai mazubi. Kowace lamba a cikin kwamfuta tana zaune a mazubi mai iyaka, LabVIEW kuma ta sauƙaƙa muku gane su da launin waya: shuɗiya ta cikakkun lambobi ce, mai ruwan lemo ta lambobi masu kaso, mai ruwan ƙasa ta hatimin lokaci, mai ruwan hoda ta rubutu. Hatimin lokaci mazubi ne mai faɗi, bit 128, rabi don cikakkun daƙiƙoƙi rabi don kason daƙiƙa, kuma shi ya kamata waƙati ya zauna a ciki muddin ba wata larura. In kun juye shi a mazubin DBL na lambobi masu kaso babu laifi a galibin ayyuka, domin a kan lambobin zamaninmu yana iya bambance abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Amma in kun juye shi a SGL, wanda wayarsa launi ɗaya ce da ta DBL, to kun yi asara, gama a kan lamba mai girman biliyan uku da ɗoriya wannan mazubi ba ya iya taku ƙasa da 256, sai ku ga agogo ya daskare minti huɗu da daƙiƙa 16, sa'an nan ya yi tsalle ya sake daskarewa. Mazubin I32 na cikakkun lambobi kuwa iyakarsa 2,147,483,647, wadda in aka ƙirga daga 1904 ta cika tun watan Janairu na 1972. Manhajar takan yi muku gargaɗi da wani ɗan jan ɗigo a bakin akwati duk inda aka tilasta wa lamba shiga mazubin da ba nata ba, kuma ina roƙonku kada ku wuce jan ɗigo a kan wayar lokaci ba ku tsaya kun bincika ba. Haka nan wani ma'aunin LabVIEW da yake ƙirga kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa tun daga kunna kwamfuta, mazubinsa yakan cika ya koma sifiri bayan kwana 49 da 'yan sa'o'i, wanda gwajin aji ba zai taɓa nuna muku ba, amma injin da aka bari yana aiki wata biyu a masana'anta zai nuna.

Kada wani ya ce ai wannan ƙididdiga ce ta malaman makaranta. A ranar 25 ga Fabrairu 1991, lokacin yaƙin Tekun Fasha, wani makami mai linzami samfurin Scud ya faɗa kan barikin sojan Amurka a Zahran ta ƙasar Saudiyya, ya kashe soja 28, alhali akwai na'urar kariya ta Patriot a wurin wadda aikinta ke nan ta tare shi. Binciken da gwamnatin Amurka ta yi ya nuna cewa agogon na'urar yana ƙirga ushurin daƙiƙa ne, kuma ushuri, watau ɗaya cikin goma, ba ya rubutuwa cif da lissafin sifiri da ɗaya da kwamfuta take yi, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa in an rubuta shi da alƙalumanmu. An datse shi a mazubi mai bit 24, kowane ushuri yana zuwa da ɗan gibin da ba a iya gani, na'urar kuma ta yi kimanin sa'a 100 a kunne ba a kashe ta ba, har gibin ya taru ya kai wajen sulusin daƙiƙa. A cikin sulusin daƙiƙa makamin yana cin fiye da rabin kilomita. Na'urar ta duba inda lissafinta ya ce yake, ba ta gan shi ba, ba ta harba kome ba. Ba da LabVIEW aka rubuta shirin wannan na'ura ba, amma illar iri ɗaya ce da wadda take jiran duk mai tara lokaci ta hanyar ƙara 0.1 a kan 0.1 a cikin zagayen shiri maimakon ya tambayi agogo.

Sauran abin lura shi ne ranar da lambarku za ta bar gida ta shiga wata manhaja, domin kowane gida da nasa mafarin. Tsarin Unix, wanda yawancin injunan intanet da wayoyin hannu suke bi, yana ƙirga daƙiƙoƙi daga 1 ga Janairu 1970, tsakaninsa da na LabVIEW akwai daƙiƙa 2,082,844,800, kuma wanda ya manta da wannan tazara zai ga awon da ya yi a farkon 2024 da lissafin Unix ya koma ranar ƙarshe ta 1957 in LabVIEW ta karanta shi. Excel kuwa kwanaki take ƙirgawa, 0.5 a wurinta tsakar rana ce, a wurin LabVIEW rabin daƙiƙa. Wanda zai kai lokaci can sai ya raba da 86,400, adadin daƙiƙoƙin yini, ya ƙara 1462, ya kuma tuna cewa abin da ya samu har yanzu agogon duniya ne. Ita Excel ɗin ma tana ɗauke da wani tsohon kuskure da ta gada daga Lotus 1-2-3, tana ƙirga 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yi ba, an bar shi da gangan don kada tsofaffin takardun mutane su rikice.

Wannan saɓani na gidaje yakan tuna mini da ramzi, wanda malamanmu na da suke rufe waƙoƙinsu da littattafansu da shi, su dunƙule shekarar da suka gama aiki a cikin kalma guda bisa hisabin haruffa. Hikima ce babba, amma tana da sharaɗi, domin jerin da mutanen Magrib suke bi, wanda shi ne ya iso ƙasarmu, ya saɓa wa na mutanen Gabas a wasu haruffa. Shinun a lissafin Magrib dubu ne, a na Gabas ɗari uku, sadi kuma a nan sittin ne, a can casa'in. Wanda ya ɗauki littafin Sakkwato ya warware ramzinsa da ƙa'idar Gabas zai yi kuskuren ɗaruruwan shekaru, ba tare da ya karanta ko harafi ɗaya ba daidai ba. Ko kalmar daƙiƙa da nake ta maimaitawa, a Larabci minti take nufi, mu muka ɗauko ta muka fi amfani da ita a kan sakan, har yau kuma za ku ji wasu suna faɗinta da ma'anarta ta asali. A wannan takarda sakan nake nufi da ita, kuma na ga wajibi ne in faɗa.

Saboda haka in za ku rubuta lokaci a fayil don wani ya karanta, ku guji siga irin ta 03/04/2024, wadda Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, mu da mutanen Ingila da Faransa mu karanta 3 ga Afrilu. Akwai ƙa'idar duniya mai suna ISO 8601, wadda aka fara fitarwa a 1988, ta ce a fara da shekara, sai wata, sai rana, sai sa'a bisa ƙirgen 24, a kuma bayyana tazarar agogon da na duniya. Fa'idarta biyu ce: ba ta da harshen damo, kuma in an jera sunayen fayiloli bisa haruffa sai su jeru bisa tarihi da kansu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Zinder da suka yi karatu da Faransanci su lura da wani abu kuma, kwamfutar da aka saita da tsarin Faransa waƙafi take sawa a inda ta Kano take sa ɗigo wajen rubuta kaso, LabVIEW kuma tana bin saitin kwamfutar da take kai, don haka 12,5 da aka rubuta a can yana iya zama 12 kawai in an karanta a nan. Mu dai Allah Ya hutar da mu daga sauya agogo sau biyu a shekara kamar yadda ake yi a Turai da galibin Amurka, inda a daren kaka sa'a guda takan maimaitu, a daren bazara kuma wata ta ɓace, amma wanda zai yi aiki da mutanen can, ko ya sayar musu da shirinsa, dole ya ajiye awonsa da agogon duniya, ya bar agogon gari ga taga.

Kada kuma ku yi gaggawar mayar da lokaci rubutu. Da zarar waya ta koma ruwan hoda lissafi ya ƙare a kanta, ba a ɗebewa ba a tarawa, abin da aka datse na kason daƙiƙa kuma ya tafi ke nan. Ku bar lamba a matsayinta na lamba tun daga na'urar awo har bakin taga, a can ne kaɗai za ku tufatar da ita.

Ya ku 'ya'yana, wanda zai tsaya gaban allon da kuka zana galibi ba injiniya ba ne. Ma'aikaci ne da ke gadin tukunyar masana'anta da dare, ko ma'aikaciyar ɗakin gwaji da ke jiran magani ya cika sa'o'insa a kan wuta, ba zai taɓa buɗe allon baya ba, abin da taga ta faɗa masa shi zai gaskata ya yi aiki da shi, kuma wannan amana ce a wuyanku. Ina roƙonku, kafin ku miƙa kowane shiri ga malami ko ga mai aiki, ku zuba wa kowace tagar lokaci sifiri ku ga abin da za ta ce, ku zuba mata 3661, ku zuba mata 90,000, sa'an nan ku sauya agogon kwamfutar zuwa na Accra ko na Khartum ku sake dubawa. In ta tsallake wannan, ku rubuta a ƙarƙashinta da kalmomin da mai aikin zai fahimta ko mudda ce ko waƙati, in waƙati ne kuma ku faɗi agogon wane gari.